Yadda Ake Kwashe Sautin Tsofaffin Kaset Zuwa Kwamfuta a Gida

A gidaje da yawa akwai wani kwali ko tsohuwar jaka da aka tura ƙarƙashin gado, cike da kaset waɗanda aka yi shekara da shekaru ba a saurara ba, tun daga lokacin da rakodar gidan ta lalace aka koma sauraro ta wayar hannu. A cikinsu akan sami tafsirin azumi, da karatun Alƙur'ani, da waƙoƙin makaɗan fada da na noma, da shirye-shiryen da wani ya naɗa daga rediyo. Akan kuma sami wani nau'in da ya fi waɗannan duka daraja, wato kaset ɗin da aka naɗa a cikin gida: saƙon murya da ɗan uwa mazaunin Makka ko Sudan ya aiko ta hannun alhazai a zamanin da babu waya, ko walimar saukar karatu, ko hirar da jika ya yi da kakarsa yana wasa da rakoda. Tafsirin shahararren malami ana iya samunsa a wani wuri, amma muryar kakar nan kwafi ɗaya gare ta a duniya, kuma tana kan wani siririn zare da ke ƙara tsufa kullum.

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a shekarar 1963. Zaren da ke cikinsa leda ce mai faɗin milimita 3.81, an shafe fuskarta ɗaya da garin ƙarfe mai riƙe maganaɗisu, kuma yana wucewa ta gaban hed ɗin rakoda, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sautin, da gudun santimita 4.76 a kowace daƙiƙa. Kaset mai lamba C60 yana ɗaukar minti 30 a kowane gefe, C90 minti 45, C120 kuwa awa guda, sai dai an sami wannan tsawon ne ta hanyar sirantar da zaren, shi ya sa ya fi sauran saurin miƙewa da tsinkewa. Zafin ɗakin kwano a watan Afrilu, da danshin damina, da ƙurar hunturu, kowannensu yana cin rabonsa a jikin zaren. Saboda haka ƙa'idar da na gina wannan bayani a kanta ita ce a ɗauka cewa kunnawar farko tana iya zama ta ƙarshe, a shirya komai tsaf kafin a saka kaset mai muhimmanci a cikin na'ura.

Aikin farko ba ya buƙatar wuta ko kwamfuta. A zazzage kwalin, a ware kaset ɗin gida daban da na kasuwa, a manna wa kowanne 'yar takarda mai lamba, 001, 002, har zuwa ƙarshe, sannan a buɗe littafi a kwafe duk abin da aka rubuta a jikin kaset ɗin da murfinsa, ko da boko ne ko da ajami. Yana da kyau a ɗauki hoton kowanne da waya, gaba da baya. Daga nan a duba saman kaset ɗin, inda akwai 'yan ƙananan harsuna guda biyu na roba, ɗaya a kowace kusurwa. A karya su da bakin sukudireba. Muddin an karya su, maɓallin naɗa sauti ba zai danna ba, don haka ko yaro ya yi karambani ko hannu ya kuskure, ba za a shafe abin da ke ciki ba.

Sai a duba lafiyar kaset ɗin ta 'yar tagar da ke tsakiyarsa. Idan aka ga fari-fari kamar garin alli a gefen naɗin zaren, fumfuna ce, kuma irin wannan kaset ba a saka shi a rakoda, domin zai bar ta a kan hed ta bi sauran kaset ɗin da za a saka bayansa, ga shi shaƙarta ba ta da kyau ga ƙirji. A ware shi a busasshen wuri, a bar shi sai an gama da masu lafiya, in kuwa abin da ke ciki yana da matuƙar daraja, gara a nemi wanda ya saba da aikin adana sauti, irin tsofaffin ma'aikatan gidajen rediyo. A leƙa kuma ƙasan kaset ɗin, wajen da zaren yake a fili. A bayan zaren, daidai tsakiya, akwai ɗan ƙaramin matashi mai kama da auduga a kan siririn ƙarfe, wanda aikinsa shi ne danna zaren ya manne da hed. Gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi, kuma idan babu shi sauti zai fito a dushe ko ya riƙa ɗaukewa. Ana iya ciro na wani kaset maras amfani a manna shi da ɗigon gam kaɗan, a bari ya bushe sarai. Idan kwanson ne ya fashe ko ya lanƙwashe, a sami wani kaset mai noti biyar, a kwance shi, a zubar da zarensa, a ɗauko naɗin tsohon a hankali a zaunar da shi a ciki. Zaren da ya tsinke kuwa akwai siririn tef na musamman da ake haɗa shi da shi ta bayansa. Kada a yi amfani da salatif, domin gam ɗinsa yana narkewa ya manne zare da zare.

Kafin a kunna, a soka biro mai kusurwa shida a ramin kaset ɗin a juya, a ji ko zaren yana tafiya ba tare da tirjiya ba, a kuma tattare duk wani sako-sako. In ya tafi lafiya, a saka shi a rakoda a tura shi gaba har ƙarshe, a dawo da shi baya har farko, domin zaren da ya daɗe a naɗe ya saki jiki.

Rakoda ita ce rabin aikin, kuma a nan ne mutane suka fi yin sakaci. Sukan kashe lokaci wajen neman manhajar da za ta gyara sauti, alhali sautin da hed bai ɗauko daga zare ba babu manhajar da za ta dawo da shi. Mafi kyau ita ce babbar na'urar kaset ta falo, irin wadda ake haɗa ta da amfilifaya, mai ramukan fitar da sauti guda biyu a bayanta, ja da fari. Ta biyu ita ce rakodar hannu ko ƙaramar na'urar aljihu irin Walkman mai ramin hedifon. Akwai kuma ƙananan na'urori na zamani masu arha da ake sayarwa musamman don wannan aiki, masu ramin USB, wasu ma suna zuba sautin kai tsaye a cikin filash. Suna da sauƙin sarrafawa, amma injinsu sau da yawa ba shi da nagarta, gudunsa yana rawa, har a ji muryar mai karatu tana karkarwa kamar wanda ke jin sanyi. A ganina tsohuwar rakoda mai kyau da ta sha gyara ta fi su nesa ba kusa ba.

Cutar tsohuwar rakoda ita ce bel. Robar da ke juya injin takan saki ko ta narke ta zama baƙin danƙo, kuma alamar hakan ita ce a ji motar injin tana kuka amma kaset ba ya juyawa, ko yana juyawa da jan ƙafa. Mai gyaran rediyo zai canja shi cikin ɗan lokaci, kuma yana da kyau a roƙe shi ya duba gudun injin tun da ya riga ya buɗe. Wankin ciki kuwa aikin mai gida ne. A buɗe ƙofar kaset, za a ga hed mai ƙyalli a tsakiya, da wani siririn ƙarfe a tsaye, da ƙaramar tayar roba da ke matse zaren a jikin ƙarfen. A jiƙa tsinken auduga na goge kunne da sifirit na kemis, a goge hed ɗin da ƙarfen har sai audugar ta daina fitowa da launin ƙasa-ƙasa. Tayar robar a goge ta da audugar da aka ɗan jiƙa kawai, ana juya ta da yatsa. Ban da kananzir, ban da fetur, ban da turare. A bari komai ya bushe na minti goma.

Wannan 'yar taya ce ta taɓa koya mini hankali. Na sami wani kaset na saƙon da wani kawunmu ya aiko, zumuɗi ya sa na saka shi a rakodar da na aro ba tare da na leƙa cikinta ba. Ya yi sallama, ya fara jero gaisuwa yana kiran sunayen mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai na ji muryar ta yi nauyi, ta koma gurnani, ta tsaya. Da na buɗe, zaren ya manne wa tayar ya naɗe a jikin ƙarfen, ya tattare kamar lanƙwasar rawani. Na warware shi da tsinken ashana, na mayar da biro, amma har yau a fayil ɗin akwai wajen daƙiƙa goma da muryar take shaƙewa, daidai wurin da yake ambaton mahaifiyarsa. Tun daga ranar ba na saka kaset mai daraja sai na fara gwada rakodar da wani maras amfani, gefe guda cur, kuma ina zaune kusa da maɓallin tsayarwa.

Akwai wani gyara ƙarami da ke kawo bambanci babba, wanda mutane kaɗan ne suka san shi. A gefen hed akwai ɗan noti mai sifirin a ƙarƙashinsa, wanda ke daidaita karkatar hed ɗin. Kowace rakoda da tata karkatar, kuma kaset ɗin da aka naɗa da wata rakoda shekaru talatin da suka wuce ba lalle ne ya dace da wadda ake kunna shi da ita yanzu ba. Idan ba su dace ba, sauti yakan fito kamar ana magana ta cikin bargo. Yayin da kaset ke tafiya, a sa ƙaramin sukudireba wanda bakinsa ba shi da maganaɗisu, a murɗa notin kaɗan-kaɗan hagu da dama, ba fiye da rubu'in juyi ba, ana sauraron haruffan "s" da "sh" da "ts". Inda suka fi fitowa tar, nan ne daidai. A yi alama a matsayin notin na asali kafin a taɓa shi, domin a iya mayar da shi. Idan na'urar tana da maɓallin Dolby, wanda ake rage shuuu ɗin kaset da shi, a kunna shi ga kaset ɗin da aka rubuta Dolby a jikinsa kaɗai, sauran a bar shi a kashe.

Haɗa rakoda da kwamfuta yana da tarko guda. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu rami ɗaya gare su na hedifon da makirufo a haɗe, kuma an yi shi ne don ƙaramin sautin makirufo, don haka sautin rakoda ya fi ƙarfinsa, sai ya fito a fashe. Mafita ita ce ƙaramin akwatin sauti na USB mai ramukan shigar da sauti ja da fari, irin su Behringer UCA202 da makamantansa. Idan babbar na'urar falo ce, waya mai kai ja da fari a ɓangarorin biyu ake buƙata. Idan rakodar hannu ce, sai waya mai kan hedifon na milimita 3.5 a gefe ɗaya, ja da fari a ɗaya gefen. Tsohuwar kwamfutar tebur takan zo da rami mai launin shuɗi a bayanta, wanda shi ma na wannan aiki ne. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya haɗa akwatin da wayar Android ta hanyar mahaɗin OTG, wato ɗan kan da ke ba waya damar karɓar na'urar USB, domin wayoyi da dama suna karɓa. Ajiye waya a gaban lasifika kuwa ba a yin sa sai in babu yadda za a yi, saboda za ta kwashe carar zakara da ƙarar babur da amsa-kuwwar ɗaki ta cakuɗa su da muryar da ake son adanawa.

Batun wuta yana da nasa muhimmancin. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawar ce ke shiga sauti a matsayin wani gunji mai kauri da ba ya yankewa. Caja maras kyau da janareta suna ƙara masa ƙarfi. Hanya mafi sauƙi ita ce a cika batirin kwamfuta, a zare cajar yayin ɗauka, a kuma nisanta wayar hannu daga wayoyin sauti. Idan rakodar da batir take aiki, a sa sababbi, domin batirin da ya yi sanyi yana rage gudun zare a hankali yadda kunne ba zai lura ba sai an kwatanta farkon gefen da ƙarshensa.

Manhajar da ta ishi wannan aiki ita ce Audacity, wadda aka fara fitarwa a shekarar 2000, kyauta ce, kuma tana aiki a Windows da Mac da Linux. A sauke ta daga shafinta na asali. Bayan an buɗe ta, a shiga Audio Setup a zaɓi akwatin USB a matsayin na'urar ɗauka, in ba haka ba za a wayi gari makirufon kwamfuta ne ya yi ta naɗar shirun ɗaki. A sa tashoshi biyu, hagu da dama, ko da kaset ɗin na magana ne kawai, saboda sau da yawa ɗayar takan fi ɗayar tsabta, daga baya sai a zaɓa. Ma'aunin ɗauka na 44,100 da bit 16 shi ne na faifan CD, kuma ya wadatar ga yawancin kaset ɗin gida. Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, tana ba da shawarar kada a gaza 48,000 da bit 24, wanda yake da wadatar wurin ajiya sai ya bi wannan.

Sai gwajin ƙarfin sauti. A nemi wurin da ya fi ƙara a kaset ɗin, kamar inda aka yi kabbara ko guɗa ko aka buga kalangu, a kalli ma'aunin da ke saman manhajar. Ana so ƙololuwarsa ta tsaya wajen −6, kada ta taɓa 0. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi daga baya, amma wanda ya bugi 0 ya fashe ke nan har abada. Mai amfani da ramin hedifon ya fara da muryar rakoda a ƙasa da rabi, ya mayar da maɓallan kauri da kaifin sauti tsakiya. Idan an daidaita, a dawo da kaset farko, a danna jan maɓallin ɗauka a kwamfuta tukuna, sannan a kunna rakoda. Babu gajeriyar hanya a nan: gefen minti 45 zai ci minti 45. Kada a tafi a bar shi. A zauna da hedifon da littafin nan, ana rubuta mintin da sabuwar murya ta shigo, da sunayen mutane da garuruwa da aka ambata.

Da zarar gefe ya ƙare, kafin a taɓa komai, a fitar da shi yadda yake a matsayin fayil na WAV, a ba shi suna irin "007-A-asali", a ajiye shi a jaka ta musamman. Wannan shi ne uwar kwafi, ba a yanka shi, ba a tace shi. A ma'aunin CD, minti ɗaya yana cin kimanin megabait 10, wato kaset C90 zai kai megabait 900, kuma wanda wuri ya yi wa kaɗan zai iya amfani da FLAC, wanda ke rage girman zuwa kusan rabi ba tare da an yi asarar komai ba. Duk wani gyara a kan kwafi na biyu ake yin sa.

Gyaran ma kada ya yi yawa. A yanke dogon shirun farko da na ƙarshe, a yi amfani da Normalize a ɗaga sautin. In akwai gunjin wuta, Notch Filter a kan 50 yana rage shi. Shuuu ɗin nan na kaset kuwa ana rage shi da Noise Reduction: a zaɓi daƙiƙa biyu ko uku inda babu magana, a nuna wa manhajar cewa wannan ce hayaniyar, sannan a zaɓi dukkan sautin a tace. A nan ne hannu yakan zarce. Idan aka matsa tacewar, shuuu ɗin zai tafi, amma muryar za ta koma kamar ta mai magana a cikin randa, numfashi da ƙarshen kalmomi su ɓace. Ni dai na gwammace in bar ɗan shuuu, domin kunne yana mantawa da shi bayan minti ɗaya. Idan muryar ta yi siriri ko kauri fiye da yadda aka san mai ita, gudun naɗin ne bai daidaita ba, kuma ana gyara shi da kayan canja gudu na manhajar, da kashi biyu ko uku cikin ɗari, tare da wani wanda ya san muryar a raye yana saurare. Daga nan a fitar da MP3 mai ma'aunin 128, wanda ke cin kusan megabait ɗaya a minti, domin rabawa da sauraro a waya.

Sunan fayil ya ƙunshi lambar kaset, da gefe, da mai magana, da shekara in an sani. A nan ne ake buƙatar dattawan gida. A kunna wa Inna ko Baba, a tambaye su wane ne wannan da ya karɓi gaisuwa, a gidan wa aka yi, shekarar da aka yi wace aba ce, a rubuta amsar a ƙaramin fayil na rubutu mai lamba ɗaya da ta sautin. Sau da yawa ba za su tuna shekara da lamba ba, amma za su ce shekarar da aka haifi wance ce, kuma wannan ya isa a lissafa.

Ajiya kwafi uku ake yi, a kan na'urori iri biyu, ɗaya kuma a wajen gidan. Misali, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje (hard disk), ɗaya a intanet ko a gidan ɗan uwa a wani gari. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda zai ɗauki uwar kwafin kaset C90 kamar goma sha shida. A yi hattara da filash da memori na jabu, waɗanda ke nuna girman da ba su da shi, su karɓi fayil kamar lafiya lau, ranar da aka zo buɗewa a tarar ba komai. Ƙaramar manhajar H2testw tana gwada ainihin girmansu kafin a ba su amana. Idan za a tura wa dangi ta WhatsApp, a tura a matsayin takarda (Document) domin fayil ɗin ya isa da sunansa yadda yake. Kafin a saka wani abu a zauren dangi ko a Facebook kuma, a tuna cewa saƙon kaset wasiƙa ce, wani lokaci da maganar bashi ko ta aure ko ta gado a ciki, don haka a nemi izinin waɗanda abin ya shafa. Waƙoƙi da karatuttukan kasuwa suna da masu haƙƙinsu da magadansu, kwashe su don sauraron gida daban ne da yaɗa su ko sayar da su.

Kaset ɗin kansa kada a zubar da shi bayan an gama, domin wata rana ana iya samun rakodar da ta fi ta yau, a sake ɗauka. A naɗe zaren gaba ɗaya zuwa gefe guda, a mayar da shi cikin murfinsa, a jera su a tsaye kamar littattafai a cikin akwatin roba mai murfi, tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi ko na magani. A ajiye akwatin a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, sama da ƙasa saboda ruwan damina, nesa da lasifika da duk wani abu mai maganaɗisu, a saka kwafin littafin lambobin a ciki.